Zakaran Abdulmutallib

Duk Yerwa babu wanda ya tsani naman kaza kamar maƙwabcina Abdulmutallib, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Lissafi ya karanta a jami'a, kansa na ja sosai. Amma dokar makarantar ta ce kowa sai ya leƙa wani fanni daban kafin a ba shi digiri, wai don kada iliminsa ya karkace gefe ɗaya. A shekarar ƙarshe sai ya faɗa darasin kiwo. Aka miƙa masa ɗan tsako, aka ce ya raine shi, malami zai zo gida ya same shi da rai. Babu zakara, babu digiri.

Mutumin da abincin kansa ma mantawa yake yi, sai ga shi yana kai zakara allura a keke napep. In zafi ya tsananta ya juya masa fanka, shi ya zauna cikin gumi. Mahaifiyarsa, Hajja Gana, ta fara tunanin nema masa addu'a. Shi kuma kunya ta hana shi gaya mata cewa digirinsa ne ke tono a tsakar gida.

Ranar dubawa, Dokta Pindar, malamin kiwo, ya iso da wuri, alhali Abdulmutallib ya tafi sayen dusa. Hajja ta ji cewa malamin ɗanta ne ya tako har ƙofarta. Baƙo irin wannan kuwa ba a sallamarsa da ruwa kawai. Ta leƙa tsakar gida, ta sa aka kama zakaran da ya fi ƙiba cikin kajin gidan.

Abdulmutallib ya dawo ya tarar da malam a kan tabarma, hannu dumu-dumu da romo.

"Hajja, Allah ya saka, rabon da in ci nama mai taushi haka har na manta," in ji Dokta. "To Abdulmutallib, kawo zakaran mu gani."

Abdulmutallib ya nuna masa kwano.

Dokta ya daɗe yana kallon ƙasusuwan. "Kiwo dai ya yi, ni shaida ne. Amma doka cewa ta yi da rai. Ka dawo baɗi."

Haka bawan Allah ya maimaita shekara guda cur, yana shiga aji da sabon zakara a hammata. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Hajja kuwa har yau in ta yi baƙi sai ta ba su labarin ranar da malamin jami'a ya nemi ƙari a gidanta.