Hayaniyar Tasha a Cikin Ɗakina

Shekarar da na karye a ƙafa, a kwance na yi damina a gidanmu na Bungudu. Ni da na saba tuƙa bas tsakanin Gusau da Tsafe, sai ga ni ina wuni ina kallon rufin ɗaki. Abinci ya fita raina, magana ma ba na son yi.

Wata safiya wayata ta yi ƙara. Ashe direbobin tasharmu ne suka saka ni a zauren hirarsu na waya. Na danna saƙon farko, sai muryar ɗan kamasho ta cika ɗakin: "Tsafe! Tsafe! Saura mutum ɗaya, gurgun Bungudu muke jira!"

Na yi dariya har da hawaye. Matata ta shigo da ludayi a hannu. "Malam, lafiya?"

Tun daga ranar kullum sai sun aiko wani abu, ko gaisuwar Inna mai fura, ko gardamar ƙwallo. Ni ma na koma yi musu tsiya. Ranar da na fara takawa da sanda na tura musu bidiyo. Kafin la'asar bas cike da su ta tsaya a ƙofar gidanmu, suna ihu a fito da tuwo.