Ranar da Zara'u Ta Yi Sallama a Ƙofar Gidanta

Garin Na Allah ƙauye ne mai gida arba'in da ƴan kai a ƙasar Hawan Dawaki, kuma daga bakin rijiyarsa zuwa gidan likita mafi kusa kilomita goma sha ɗaya ne, duk rairayi. Da rani amalanken sa yakan ci wannan tafiya cikin awa biyu da rabi. Da damina, in ƙasa ta jiƙe ta kama jikinta, yakan rage kusan rabin awa. Duk mai son ya fahimci aikin Zara'u matar Bawa sai ya fara riƙe wannan lissafi na hanya, domin kusan shekara talatin aikinta bai wuce amsa tambaya guda ba: a ɗaura sa a amalanke, ko a dakata?

Tana da shekara goma sha tara aka kawo ta garin. Uwar mijinta, Auta, ita ce ungozomar wancan zamani, lokacin da babu salula, babu kabu-kabu, kuma mace takan haihu a ɗakin da aka haifi mijinta. Auta ba ta san agogo ba, amma ta san carbi. Takan zaunar da mai ciki, ta ɗora hannun hagu a kan cikin, ta riƙe carbi a hannun dama, tana jan istigfari daga sa'ad da ciwo ya saki zuwa sa'ad da ya dawo. In ta ga zagaye biyar, sannan huɗu, sannan uku, ciwon kuma yana ƙara ƙarfi yana tasowa daga baya ya zagayo mara, to naƙuda ce ta gaskiya. In kuwa ta ga biyu, sannan bakwai, sannan ɗaya, cikin ya ɗaure ta gaba kawai ya saki, sai ta ba matar ruwa ta sha, ta kwantar da ita ta gefen hagu. Mafi yawa a nan ciwon kan gudu. Wannan ita ce ta ƙarya.

Zara'u ta gaji carbin da hannun duka. Daga baya aka kira ta zuwa Tasawa tare da ungozomomin karkara, aka yi musu horo na kwana goma, aka ba kowacce akwatin ƙarfe da agogon hannu, aka ce daga yanzu aikinsu shi ne su gane lokaci su raka mace gidan likita. Agogon ya tsaya kafin shekara. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya zauna garin ya taɓa auna mata zagayen carbinta, ya samu minti uku ne ba daƙiƙa goma, kuma sau uku ya gwada bai canza ba.

Sau ɗaya ta yi kuskure babba, tana kuma faɗarsa da bakinta. Wata Balkisu ce, mace mai dauriya, tana fira tana dariya, Zara'u ta dubi fuskarta ta ce da saura. A kan amalanke aka haihu, a gindin wani gawo, rabin hanya. Allah ya kiyaye uwa da ɗa, amma tun daga ranar ba ta ƙara yarda da fuska ba. Sai ta taɓa da hannunta, ta kuma yi tambayoyinta uku: daga ina ciwon yake tasowa, ko wani abu ya zubo, ko ɗan yana motsi.

Mace guda ce a duniya da ba ta iya taɓawa ko ta tambaya, ita ce Sa'adatu, ɗiyarta ta fari. Kamar yadda aka saba, ana yaye ta aka kai ta Mayahi wurin goggonta, a can ta girma, a can aka yi mata aure. Zara'u ba ta taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole sai ta ce Ta Mayahi, shi ma a bayan idonta. In sun haɗu wajen biki ko ta'aziyya, gaisuwa ce ta nesa, kowa idonsa a ƙasa. Mutanen yanzu suna ganin abin kamar rashin ƙauna ne. Mutanen da sun san ba haka ba ne.

Shekara goma sha ɗaya Sa'adatu ta yi a gidan mijinta Lamine kafin Allah ya ba ta ciki. Goggon ta riga ta rasu, saboda haka da cikin ya shiga wata takwas, gidan Bawa aka kawo ta goyon ciki. Ta zo da karnen awo, ɗan littafin da ake rubuta awon ciki, a ciki kuma malamar likita ta ja layi da jan biro: haihuwar fari ce, shekaru sun ɗan ja, kada a bari ta haihu a gida. Zara'u ba ta damu ƙwarai ba, domin ta shirya da maƙwabciyarta cewa in ranar ta zo, ita za ta shiga ta taɓa ta yi tambaya, ta fito ta faɗa mata.

Ruwan shuka ya sauka ran wata Laraba cikin watan Yuni, daga la'asar har bayan magariba. Ya makara da mako uku, kuma binnen irin da Bawa ya yi tun kafin ruwa ya ƙone a ƙasa, irin da ya rage a gidan shi ne na ƙarshe. Ƙasar jigawa ba ta riƙe laima. Wanda bai shuka Alhamis da Juma'a ba, sai ya jira wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa. Gari na wayewa garin ya watse. Maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri, har tsofaffin da suka shekara suna kukan gwiwa. Maƙwabciyar ma ta tafi. Bawa ya ɗora iri da ruwan sha a amalanke ya nufi gonarsa ta nesa, tafiyar minti arba'in.

Zara'u ta tsaya gida don ta dama fura. Tana madafa tana hura ɗanyen icce, Sa'adatu kuma tana bayan rumbu tana daka, domin ta ƙi zama tun da ta zo. Wajen hantsi sai taɓarya ta yi shiru a tsakiyar daka. Ba irin shirun mai juya tsaba ba ne. Zara'u ta leƙa ta kafar dannin kara, ta ga ɗiyarta ta dafa bakin turmi da hannu biyu, kanta a sunkuye. Can ta miƙe ta ci gaba.

Hannun Zara'u ya kai ga carbi kafin ta yi shawara da zuciyarta. Zagaye biyu da rabi, taɓarya ta sake tsayawa. Sannan biyar. Sannan ɗaya da ƴan ƙwayoyi. Lissafin ya yi kama da na ƙarya, amma ta san kunne ba hannu ba ne. Wa ya sani ko yarinyar tana daka cikin ciwo don kada a gane? Ta ɗaga murya tana duban kajin tsakar gida, ta ce wanda ya gaji ya ajiye taɓarya, ba wanda ya sa gasa. Daga bayan rumbu aka amsa wa turmi cewa saura kaɗan.

Ta fita ta bi gida-gida har bakin rijiya. Ba ta tarar da mace ko guda ba. Tsoho Gazali kaɗai ta samu a inuwa yana tufka igiya, ya tambaye ta ko akuya ce ta ɓace. Ta ce masa eh, ta juyo.

A zaure ta tsaya ta kira Bawa a salula. Tana jin sarar sungumi a bayan muryarsa. Ba ta faɗi suna ba, shi ma bai faɗa ba, domin kunyar ta shafe su su biyu.

"Ita ce?" in ji shi.

"Ban sani ba tukuna."

"Ke da kike sanin na matan gari tun daga tafiyarsu? To, kashi ɗaya cikin uku muka yi. In kin ce in taho, yanzu zan ɗaura sa, iri ya zauna. Sai dai ki faɗa mini, Zara'u, ni ban da ido a nan."

Ta ce ya ba ta zagaye ashirin. Ya san abin da take nufi, awa guda ke nan. Ya ce zai bar san kusa da amalanke, ba zai kai shi kiwo ba.

Ta daɗe tsaye a zauren. In ta kira shi abin ya zama na ƙarya, gonar ta tafi, kuma gidan da ake jiran jego ba ya son rumbu wofi. In ta bar shi abin ya zama na gaskiya, minti arba'in na dawowarsa da awa biyu na hanya za su hau kan yarinyar da aka ce kada ta haihu a gida. Ba abin da zai raba gardamar sai ta ɗora hannu.

Sai ta shiga ɗakinta, ta jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ta yafa baƙin mayafin da takan sa in an aiko kiranta. Ta bi ta ƙofar baya wajen turken awaki, ta zagaya gidan ta waje, ta zo ƙofar zaure kamar baƙuwa, ta yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, masu gida. An ce mini akwai mai ciki a gidan nan."

Sannan aka jingine taɓarya.

"Amin, alaikumus salam," in ji Sa'adatu. "Maraba da ungozoma. Masu gidan sun tafi gona."

"Gara haka. Shimfiɗa tabarma, ɗiyar mutane, ki bar wannan dakan. Wace marar tausayi ce ta ba ki turmi da cikin wata tara?"

"Ni na ɗauka da kaina. Ta hana, na ƙi."

Suka shiga ɗaki. Zara'u ta wanke hannu da sabulu, ta zauna, ta ɗora tafinta a kan cikin. Rabon hannun nan da jikin nan shekara talatin. Ta yi tambayoyinta yadda take yi wa kowa, Sa'adatu kuma ta amsa ba ɓoye-ɓoye. Ciwon a gaba yake, a mara, bayan ba ya komai. Ba ruwa, ba jini. Tun asuba ya fara, yana zuwa yana tafiya. Game da motsi kuwa ba a bukaci amsa ba, domin ɗan ya harbi tafin Zara'u sau biyu tana cikin tambaya. Da ta bincika, ashe yarinyar ta kwashe ruwan da ya taru a tsakar gida da sassafe, ta ɗora da daka, ko kurɓin ruwa ba ta kai bakinta ba.

Ta ba ta moɗa biyu ta shanye, ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta sa mata zane a tsakanin gwiwoyi. Cikin ya ɗaure ya yi tauri kamar ƙwarya, ya saki. Carbi ya yi zagaye uku, ya sake ɗaurewa, amma bai kai na farko ba. Sannan shida.

Suna cikin jira sai Sa'adatu, fuskarta a bango, ta ce, "Ungozoma, tsoro nake ji. Ban da wanda zan faɗa wa."

Zara'u ta ja ƙwaya uku ko huɗu kafin ta amsa.

"Uwarki ma ta ji tsoro ranar da ta haife ki, har ta ciji hannun surukarta. Ina wurin, a kan idona aka yi."

Sa'adatu ta yi dariya har cikin ya girgiza, ta share ido da bakin zane. Bayan wannan aka yi zagaye tara ba komai, sannan wani ɗan ɗaurewa da ita kanta mai cikin ba ta ji ba. Kafin a cika ashirin ta yi barci, bakinta a buɗe.

Zara'u ta ƙara zagaye biyar don ta tabbata, sannan ta fito tsakar gida ta kira Bawa. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ta ce masa ya ci gaba da shukarsa, ta ƙarya ce. Ta ji ya sauke numfashi, ya yi hamdala, sannan ya tambaya ko a gidan nasa an daina dama fura ne, ga rana ta take tsaka. Ta ce ya sha ruwa, yau ungozoma ta shigo gidan ta cinye lokaci. Ta kuma gindaya masa sharaɗi: daga yau salularsa ba ta barin aljihunsa, sa kuma ba ya nisa da amalanke, domin in ruwa ya fashe ko jini ya zubo ba za ta tsaya jan carbi ba.

Ran Juma'a da la'asar Bawa ya rufe ramin ƙarshe. Ta ƙaryar ta sake dawowa sau biyu cikin mako, kowane karo kuma baƙin mayafi ya zagaya gida ya yi sallama, har Gazali ya daina tambaya.

Kwana goma sha uku bayan ruwan, hatsi ya yi tsawon yatsa, Sa'adatu ta tashi da ciwon da ya taso daga baya. Carbi ya ba da biyar, biyar, huɗu, huɗu. Zara'u ba ta jira uku ba. Suka bar gari da hantsi, suka isa gidan likita kafin azahar, malamar ta duba ta ce sun zo a kan kari, akwai sauran lokaci. An yi kiran la'asar da kaɗan aka haifi ɗiya mace, kilo uku da giram ɗari biyu, uwa da ɗiya lafiya.

Bawa yana waje a gindin itacen bedi yana ba sansa harawa sa'ad da Zara'u ta fito ta faɗa masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa wa san sauran harawar, ya yi niyyar takawa zuwa masallaci. Sai kuma ya zauna nan cikin rairayi, ya ce mata ta ɗan dakata, yanzu zai tashi.