Kantar Hannun Ladi

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, ina ɗan shekara goma, aka kira gayya a gonar mai unguwarmu, gabas da hanyar Shanono. Tun hantsi ganga ke tashi, maza sun jeru da garemani, kowa da kunyarsa. Mu yara aikinmu ɗauko ruwa da fura daga gida, mu ajiye a inuwar ɗorawa, mu ɗan taɓa langa kafin a sake aiken mu. Baffa Sale, ƙanin mahaifina, yana gaba kamar kullum. Kafin na kusa da shi ya kai rabin kunya, shi ya kai ƙarshe ya juyo. Rana ta take, kowa ya jiƙe sharkaf, amma taguwar Baffa a bushe take, ko ɗigon gumi babu a goshinsa. Bai sha ruwa ba, bai kalli fura ba. A damtsensa akwai wani baƙin kambu na fata, wanda aka ce wani baƙo ne ya ba shi a kasuwa, ba a kuma sake ganin baƙon ba.

Da na koma gida ɗauko tulu na uku, na tarar da Ladi kwance a tabarma a ƙofar ɗakin Iya, kakarmu. Ladi 'yar Baffa ce, sa'ata. Ita ke riga mu zuwa rijiya, ita ke cinye 'yan mata a carafke, da safen nan ma tare muka kora awaki turke. Yanzu ga ta tana haki kamar wadda ta yi tseren gudu, gumi yana kwarara daga jikinta har tabarmar ta yi duhu. Kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, kuma da na saurara sai na ji daidai suke tafiya da gangar da ke tashi daga gona. Iya ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini. Duk ya yi bororo, wasu sun fashe, alhali yarinyar ko tsintsiya ba ta taɓa ba tun safe. Ashe wannan ce gayya ta uku da hakan ke faruwa, kuma kowace ta fi ta baya tsanani. Iya ta ce da ni, "Ruga ka ce wa Sale ya zo, 'yarsa ba za ta kai la'asar ba."

Na ruga. Na bi shi a gefen kunya ina kiran Baffa, Baffa, har muryata ta dushe. Idonsa a buɗe, amma kamar ba kowa a ciki. Garma na sauka, ƙasa na juyewa, maroƙi na zuga shi, mutane na dariya suna cewa in matsa kada ya haɗa da ƙafata. Ina cikin kuka sai ga Iya, wadda ta shekara ba ta fita ƙofar gida ba, goye da Ladi, ƙafafun yarinyar suna jan ƙasa. Ta shiga kunyar ta tsaya a gabansa. Mai ganga ya saki gula. Garmar ta tsaya a sama, dab da kanta. Iya ta miƙa masa hannun Ladi, ta ce, "Sale, duba da ƙarfin wa kake noma."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya sa haƙori ya tsinke kambun, ya jefar. Nan take gumi ya karyo masa, ya zauna daɓas a cikin huɗa yana roƙon ruwa. Ladi kuwa ta yi ajiyar zuciya ta yi barci a bayan Iya. Liman ya sa aka ƙona kambun, ya ce Baffa ya yi ta istigfari. Mahaifina ya ce masassarar damina ce kawai ta kama yarinyar. Allah ne masani. Daga ranar Baffa ya zama na baya a kowace gayya, samari suna tsokanar sa, "Sarkin noma, a jira ka ne?" Sai ya yi murmushi ya share gumi.

Bana a ajinmu na yaƙi da jahilci, Malam ya rubuta mana wata kalmar Turanci, enaji, wadda nake gani a jikin robar lemon da samari ke sha kafin su shiga gona. Ya ce ita ce kuzarin da tuwo ke ba jiki, ita ce ke cikin fetur, ita ce ke cikin hasken ranar da ke juya injin ban ruwa a madatsar ruwa ta Watari. Ya ce ba ta fitowa haka kawai, daga wani wuri ake ɗauko ta. 'Yan aji suka rubuta, ni kuwa na ajiye fensir, ina tuna tafin hannun Ladi.

Yanzu ba a kiran gayya, ganga ta yi shiru, Iya da Baffa duk sun rasu. Ladi tana da jikoki, ba ta taɓa noma ba, amma kantar da bororon ya bari tana nan a tafinta. Idan na ga mutumin da ba ya gajiya, sai in tuna da mutanen gidansa.