Fitilar da Autanmu Ya Sa wa Jirgi

Autanmu mai gyaran wutar mota ne. A Tasawa ya koyi sana'ar, a wani garaji na bakin kwalta inda manyan kamyo masu ɗaukar kaya ke tsayawa in fitilarsu ta mutu a hanyar Damagaram. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne ƙarami, waɗanda ke tsakaninmu duk sun koma tun suna goye. Rabin goyonsa a bayana aka yi shi, shi ya sa har ya yi gemu bai daina shigowa gidana da yamma ya buɗe tukunya ba tare da ya tambayi kowa ba.

Bayan rasuwar babanmu auta ya tafi Agadas, wai zai ci rani ya dawo. Damina ta faɗi bai dawo ba. Daga Agadas muka ji shi a Aljeriya, sai kuma aka yi shiru mai tsawo. Wata rana ina fitowa daga lekwal ɗin da nake koyarwa, waya ta shigo da lambar da ban sani ba. Na ɗauka, na ji muryarsa.

"Yaya, ni ne. Ina Faransa. Kada ki gaya wa Inna yadda na ƙetare, ki dai ce mata na isa lafiya."

Abin da na gaya mata ke nan.

Inna ta dawo gidana da zama, idonta kuma ya fara yin yana. Ranar Lahadi bayan la'asar auta yake kiranmu ta bidiyo. A gidan nan rezo, wato sabis ɗin waya, bai da kirki sai a gindin itacen bedin da ke kusa da garu, don haka can nake shimfiɗa mata tabarma. Takan kawo wayar dab da hancinta, ta karkata kai, ta daɗe tana dubawa.

"Na ga duhun kai, ban ga fuska ba," in ji ta. "Ka rame ko?"

"Na yi ƙiba, Inna."

Sai ta juyo wurina. "Ke, gaskiya yake faɗi?"

Ya samu aiki a garajin wani ƙauye. A can ne ya gyara wa wani tsohon Bature wutar mota, suka saba, tsohon ya riƙa ɗaukarsa ranar hutu zuwa wani fili a bayan gari inda shi da abokansa ke tashi da jirage don sha'awa. Auta ya sha ba mu labarin wurin, amma ban gane abin da yake nufi ba sai wata Lahadi a lokacin sanyinsu, da ya kira mu daga cikin wata babbar rumfar kwano, yana sanye da hula har kunne, tururi na fita daga bakinsa.

"Yaya, bari ki ga wani abu," ya ce, ya juya wayar.

Jirgi ne fari fat, siriri, da fukafukai dogaye kamar ba za su ƙare ba. Wurin zaman matuƙi bai fi kwamin wanki faɗi ba, an rufe shi da gilashi. Na nemi farfela ban gani ba.

"Ina injin?"

"Babu. Filaner suke ce mashi."

Na kwatanta wa Inna abin da nake gani. Ta ce, "Jirgi babu inji? To me ke tura shi?"

Ya yi mata bayani a hankali, yadda ya san za ta gane. Wani ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan shi da igiya, kamar yadda sa ke jan amalanke, har su yi sama. Can sai a saki igiyar. Daga nan matuƙi zai nemi inda iska mai ɗumi ke hawa, ya yi ta kewaya a cikinta tana ɗaga shi.

"Inna, kin tuna yadda shirwa ke kewaya saman mahauta da hantsi ba ta kaɗa fiffike? To haka ne."

"Na tuna. Amma ita shirwa Allah ne ya yi ta haka."

Matsalar, in ji shi, ita ce duk matuƙan wuri ɗaya suke nema. Inda iska ke hawa, nan kowa ke taruwa. Jirgin kuma fari ne, gajimare fari ne, in ya fuskanto ka daga nesa bai fi zare kauri ba, ga shi ba ya ƙara balle ka ji zuwansa. A bazarar da ta wuce wasu biyu sun kusa yin karo, sun wuce juna har kowa ya ga fuskar ɗan'uwansa. Babu wanda ya ji ciwo, amma ɗayansu da ya sauka ya daɗe zaune a ciyawa. Shi ne suka yanke shawarar sa wa jiragensu fitila mai walƙiya a hanci, wadda ake hangowa ko da rana tsaka. Tsohon ne ke kula da gyaran jiragen, ya ce auta ya zo su yi aikin tare.

Inna ta ce, "Irin ta amalanken babanku?"

Auta ya yi dariya har wayar ta girgiza, ni kuwa sai na ji ƙwalla. Shekarun baya, babanmu na dawowa daga gona da lodin harawa da almuru, yana hawowa kwalta wata mota ta bugi amalanken ta baya. Direban ya rantse bai ga komai ba sai da ya ji ƙara. San ya karye aka yanka shi, babanmu kuma da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Da aka gyara amalanken, auta ya samo jar fitilar bayan babur da ƙaramin batir, ya haɗa ta tana ƙyaftawa, ya ɗaure a baya. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, wai amalanke ya zama motar likita. Kafin kaka ta kewayo, masu dariyar ne ke layi a ƙofar garaji ranar kasuwa, har da masu zuwa daga wajen Urafane.

"Kusan irinta ce, Inna," ya ce. "Sai dai wannan ba a ɗaure ta da tsumma."

Duk sanyin nan, hirarmu ta Lahadi ta koma ta fitila. Yakan jingina wayar a kan wani benci, mu riƙa kallonsa yana aiki. Na ga hannuwansa, waɗanda na sani da baƙin mai har cikin farce, yanzu fes, suna bin siririyar waya a cikin jirgi a hankali kamar mai zare ƙaya. Ya ce a mota in ka rasa hanyar waya sai ka huda, a nan kuwa ba ka da ikon huda ko da ramin allura sai inda masu ƙera jirgin suka yarda. Dole wayar ta bi gefe, a ɗaure ta gaɓa-gaɓa, don kada ta saƙale igiyoyin da matuƙi ke juya jirgi da su. Dole a auna abin da fitilar ke ci, saboda batir ɗaya ne, kuma shi ne ke riƙe da rediyon da matuƙi ke magana da ƙasa. Tsohon na tsaye a kansa da tabarau a ƙarshen hanci, wani lokaci su yi gardama da Faransanci, wani lokaci tsohon ya karɓi abin ya nuna mashi, auta ya gyaɗa kai.

Ranar da suka fara kunna ta, hasken ya dawo ta cikin gilashin ya doki idon tsohon da ke zaune a kujerar matuƙi. Ya fito yana murza ido yana faɗa. Sai da suka sake kwance ta, suka yi mata baƙin shamaki ta baya. Auta ya ce da matuƙi ya tashi da fitilar da ke kashe mashi ido, gara ya tashi babu ita. Bayan sun gama, wani mai dubawa ya zo ya bi aikin kaf kafin a ba jirgin izinin tashi.

Inna ba ta ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Ni ke faɗa mata: yanzu ya durƙusa, yanzu ya sa kai cikin jirgi, yanzu tsohon ya miƙo mashi gahawa. Ita dai ta fi son jin ƙarar kayan aikinsa da ɗan fiton da yake yi in aiki ya yi mashi daɗi. In an yi sallama takan zauna a tabarmar har a kira magariba, ba ta ce a tashe ta ba.

Da bazara ta shigo, mu nan zafi ya hana kowa sakat, su can kuwa lokacin tashi ya yi. Auta ya kira ya ce tsohon zai hau da shi a jirgi mai kujera biyu, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa wa fitila. Na so in ɓoye wa Inna, amma ta riga ta ji.

"Ka yi alwala kafin ka shiga," abin da ta ce ke nan.

Matar tsohon ce ta riƙe wayar a ƙasa. Muka gaisa da ita da Faransanci, ta ce in gaya wa Inna mijinta ya tsufa a wannan abu, kada ta ji tsoro. Na ga auta an ɗaure shi da maɗauri, an rufe gilashi, ya ɗaga mana hannu. Ƙaramin jirgin ya ja, igiya ta miƙe, suka ruga a kan ciyawa, sai ga farin jirgin ya rabu da ƙasa. Matar ta bi su da waya har suka zama ɗigo, daga nan ban ƙara ganin komai ba sai farin sama.

"Yana ina?" in ji Inna.

"Ya yi nisa, Inna. Ni ma ba na ganinsa."

Ta ci gaba da jan tazbaha. Rezo ya yanke, na sake kira, ya sake yankewa, na kuma kira. Gumi na bin bayana, kaji na haki a gindin randa. Mun daɗe a haka kafin matar ta ce ga su nan sun juyo za su sauka, ta ɗaga wayar wajen bakin wasu itatuwa. Inna ta karɓi tamu wayar daga hannuna ta kai dab da ido. Ni da ke leƙe ta kafaɗarta ban ga jirgi ba tukuna, sai wani ɗan haske da ya ƙyafta, ya ɓace, ya sake ƙyaftawa.

"Ga shi can!" Inna ta ce da ƙarfi. "Ga ɗana can, na gan shi!"

Tun tafiyarsa, ranar ce kaɗai ta ce ta gan shi ba tare da ta tambaye ni ko gaskiya ne ba.

Da aka buɗe gilashi auta ya fito yana tangaɗi yana dariya, ya karɓi wayar. Ya ce can sama babu ƙarar komai sai iska, gonaki kore da rawaya shimfiɗe kamar tabarmi. Sai muryarsa ta sauka.

"Yaya, na tambayi tsohon ina ne kudu, ya nuna mani. Na san ba za a hango komai ba, amma wuyana ya ƙi juyowa."

Inna ta ce, "To tunda jirgin ya iya tashi, ya kawo mana kai mana."

"Ba ya nisa haka, Inna. Inda ya tashi, nan yake dawowa ya sauka."

"Ashe ya fi ka hankali."

Muka yi dariya mu duka uku, amma ba ta daɗe ba. Auta ya juya fuska gefe, ya ce ana kiransa a tura jirgi.

Inna ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Ciwon bai ja ba. Auta ya ce zai taho ko ta halin ƙaƙa, ni ce na hana shi, domin takardunsa ba su fito ba, in ya fito babu hanyar komawa, kuma ko ya taho ba zai tarar da jana'iza ba. A zaman makoki wayar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu a ƙofar gida, dattawan unguwa na yi mashi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa da muryar da ban san shi da ita ba. Ya yi watanni bai je filin jiragen ba, sai da tsohon ya zo har garaji ya ɗauke shi.

Yanzu takardun sun fito. Ya ce in Allah ya yarda bayan damina zai zo, ko da yake bara ma haka ya ce, aiki ya riƙe shi. Na kwashe buhunan waken da ke ɗakinsa, na sa an yi wa ɗakin sabon daɓe. Ya ce in ya sauka a tasha kada in dafa komai, kilishi zai fara saye a bakin kwalta, ya ci a tsaye kamar baƙo.

Lahadin da ta wuce bai yi hira da yawa ba. Ya ce in fita da wayar ƙofar gida in riƙe kawai. Na fita na tsaya. Ƴan kabu-kabu na wucewa, mai tallan ƙosai na kira, maƙwabciyata na faɗa da akuyarta da ta shiga mata kicin. Hannuna ya gaji na sauya ɗayan.

"Ya isa?" na tambaye shi.

"Ɗan ƙara kaɗan, Yaya," ya ce.