Mutanen Duniyar Wata a Bakin Rumbun Inna

Shekarun baya can, lokacin ina yawon aikin tafinta, ina da aboki malamin firamare a Dangora mai rubuta labaran abin da bai faru ba tukuna. Na ga irinsu da Faransanci a Yawunde, na gan su da Larabci a Kartum, amma shi da ajami yake rubuta nasa, da tawada da alƙalamin kara. Babban labarinsa na wasu manoman Kiru ne da suka yi ƙaura zuwa duniyar wata. A can shugaba damina ɗaya yake yi, kuma sai ya nome gonarsa da hannunsa kafin ya buɗe baki a taro. Ra'ayinsa ke nan ko a nan ƙasa, shi ya sa 'yan siyasa ba sa son haɗa tabarma da shi wurin ɗaurin aure.

Wata rana ya damƙa mini takardun, kwafi ɗaya tal, in kai Kano a buga da tafireta.

"Sarkin yawo, don Allah kar ka yar."

Na ce, "Ni da na zaga duniya ban taɓa yar da ko hula ba?"

Na biya gidanmu a Ƙofa, tafiya ta taso, sai a Yamai na buɗe jaka na ga wayam. Na tabbata a mota na bar su. Shekara biyu ina kauce wa Dangora, in na hango shi a kasuwa sai in shige rumfar masu taki.

Ranar da ake sabunta jinkar rumbun mahaifiyata, na ga wata ƙatuwar laya rataye a bakinsa. Na kai hannu, sai Inna ta daka mini tsawa.

"Kul! Rubutun malamai ne da ka bari a ɗakina. Na kai wa baduku ya ɗinke. Tun da na rataye shi gara ba ta taɓa dawar nan ba."

Da ƙyar ta yarda na farke ɗinkin. Takardun abokina ne, ko shafi ɗaya bai ɓaci ba.

Washegari na je na ɗauko abokina, ina ta ba shi haƙuri a hanya. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya zauna ya karanta mata labarin. Na zaci za ta ji kunya. Sai ta gyara zama ta ce, "Shugaba ya yi noma da hannunsa? To, ɗan nan, wannan ai addu'a ce. Ku mayar mini da abina."

Ya kwafe labarin a sabon littafi, ya mayar mata da na asali.

Dukansu sun rasu, Allah ya jiƙan su. Na ga manyan ɗakunan ajiyar littattafai a ƙasashe da dama, amma ban ga inda aka girmama marubuci kamar bakin rumbun nan ba. Layar tana wurina yanzu, kuma ba na fita da ita ko nan da Bagauda.