Aduwar da Aka Bari

Wata Talata ce a cikin bazara, damina biyu bayan rasuwar innata, ina tsaye kan suri ina kiwon awaki, sai na ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Kafin in waiga ga ta nan ta ɓullo ta bayan rafi, launin ruwan ɗorawa, tana tafiya a kan sarƙa, tana ture kalgo da geza kamar mai sharar tsakar gida. Ranar na fara ganin katafila. Ƙauyenmu na Maguzawa ne, tsakanin Tsiga da Malumfashi, kuma wani kamfani ne ya zo buɗe hanyar da motoci za su riƙa shiga ɗaukar auduga. An riga an kafa turaku, sun bi ta gefen gayaunar innata, wato 'yar gonar da take nomawa don kanta. A bakin gayaunar nan aduwa biyu ce, babba da ƙarama. Gindin ƙaramar aka binne ta, aka kife tukunyarta a kai.

Kakata ce ta riƙe ni. Ita ta ga ma'aikatan nan ba su da mai ba su abin sha, ta riƙa dama kunun tsamiya tana ɗora mini. In na gama surfe na kai awaki, sai in ɗauki ƙwarya in same su a inuwar ɗorawa. Sa'annina suna can suna carafke da gaɗa, ni kuwa sai in zauna gefe in yi shiru, don tun ina ƙarama ido da kunne ne sana'ata. Ban san lambobin da ke jikin injinan ba, har yau ban sani ba, da murya nake bambanta su. Biyu ne. Tsohuwar ba ta da ko rumfa, kujera ce kawai da sanduna, suna ce mata Gwaggo, Baba Sule ne direbanta, wani dattijon Bazazzagi mai faɗin kafaɗa. Sabuwar kuwa ɗakin gilashi gare ta, ana ce mata Mai Gilashi, Iliya ne ke tuƙa ta, saurayi mai son dariya.

Kullum gardamarsu ɗaya ce, wacce ta fi daɗin aiki. Iliya ya ce tasa ba rana, ba ƙura, in aka kayar da itace mai zuma ko ɗaya ba ta harbinsa, kuma da yatsa biyu yake juya ta. Yakan ce, "Baba Sule, kai da Gwaggo ba a san wanda zai yi wa wani jana'iza ba." Dattijon sai ya kurɓi kunu ya ce, "Kai dai so kake ka sauko da farar riga 'yan mata su gani. Ni a ƙuguna nake jin ƙasa. In garmata ta taɓa dutse na sani, in saiwa ce na sani, in mutum ya kira ni ina ji."

Wannan kalmar ce na kai wa babana. Washegari ya zo da kansa ya nuna wa Baba Sule kabarin innata, don yana kan layin turakun. Baba Sule Musulmi ne, mu ba mu salla a lokacin, amma ya cire hularsa ya daɗe tsaye gaban tukunyar. Ya ce taku goma kawai zai karkata, ba wanda zai lura. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ranar da muka iso ki hau surin can. In kin ga na kauce ki ƙwala mini kira, muryar yarinya tana ratsa ƙarar inji." Daga nan hankalinmu ya kwanta. Babana ya koma sharar babbar gonarmu can nesa, ni aka bar wa tsaro.

Ana saura kwana ɗaya su iso sarƙar Gwaggo ta tsinke. Aka tura Baba Sule Funtua neman ƙarfen gyara. Kafin ya hau mota a gabana ya kama hannun Iliya ya ce masa akwai kushewa gindin aduwa, ya rufa masa asiri ya kauce mata. Iliya ya ce ya ji, da gaske kuma yake. Sai dai dattijon bai ce wace aduwa ba, ni ma da ke tsaye ban buɗe baki na ce ƙaramar ba. An hore mu kada yaro ya sa baki in manya na magana.

Da hantsi na hau suri. Na ga Mai Gilashi ta taho, ta karkata a hankali ta kauce wa babbar aduwa, ta miƙe sak kan ƙaramar. Na kira Iliya. Na kira har na ji ɗanɗanon jini a maƙogwarona. Na sauko da gudu ina ɗaga hannuwa, ya hango ni ta gilashi, ya yi mini murmushi, ya nuna mini babbar aduwa da yatsa, wai in ga ya cika alkawari. Ban ji ƙarar fashewar tukunyar ba. Da ya wuce, jar ƙasa ce kawai shimfiɗe, sumul, ba yadda za a ce nan ne ko can ne.

Babana bai doke ni ba. Ya ce, "Kin kira?" Na ce na kira. Ya ce, "To," bai ƙara tayar da maganar ba har ya mutu. Iliya da ya gane, ya zo ƙofar gidanmu ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Baba Sule kuwa bai sake shan kununmu ba, ya ce ba zai wuce masa ba.

Yau hanyar nan motoci ke bi dare da rana. Babbar aduwa tana nan, hanya ta yi mata gwiwa, masu babura suna rage gudu a wurin don sun ji an ce akwai kabari. Ba kowa a gindinta. Innata tana tsakiyar titi, shi ya sa in na je nake sauka in zaga ta cikin gona da ƙafa, ko 'yan acaɓa za su yi ta tsaki. Jikana Nura yanzu direban katafila ne, ya zo da salla yana yaba tasa, wai har da na'urar sanyi da rediyo. Na bar shi ya gama, na ce, "In mutum ya kira ka daga ƙasa, kana ji?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Kaka, ko aradu ce ta faɗi ba na ji." Na ce to in zai yi aiki ya riƙa buɗe taga, ko da ƙura za ta ɓata masa riga.