Farantin Shinkafar Malama Tenmoli

Shekara talatin da biyu Malama Tenmoli ta yi tana koyar da harshen Tamil a ƙauyensu kusa da birnin Madurai na Indiya, kuma ba ta taɓa iya kama bakinta ba. 'Yar firit ce, amma ita ta sa bas ya fara shigowa ƙauyen, ita ta sa aka rufe shagon giyar bakin makaranta. Mijinta yakan ce shi dai mace ya aura, sai ya tsinci kansa da ofis a gida.

Da ta yi ritaya sai ta ɗauko maganar ruwa. Unguwar masu saƙar kwando ba famfo, mata sai sun yi tafiyar awa guda da tulu. Ta rubuta takardar koke, mata arba'in suka dangwala yatsa. Akawun ofishin hukuma ya turo mata abarta.

"Wa ya sani ko ke kika dangwale duka? Su sa hannu in sun iya."

Maganar ta ƙona mata rai. Ta tara matan a gindin tsamiya ta raba alluna. Pecciyammal, wata ƙatuwar tsohuwa, ta ƙi taɓawa.

"Allo? Jikata da za ta fara karatu a cinyar malami aka zaunar da ita, aka kama yatsanta ta rubuta harafin farko cikin farantin shinkafa. Ni me na rasa?"

"Paati, kin fa ninka ni biyu," in ji Malama. Paati shi ne kaka a Tamil.

"To wa ya hana ki cin abinci?"

Aka kawo shinkafa. Tsohuwa ta zauna daram a cinyar Malama, mata na dariya har da riƙe ciki. Sai sauran ma suka ce sam, sai an yi musu haka. Mako guda Malama tana ɗingishi.

Bayan wata huɗu suka koma ofis. Pecciyammal ta kama biro tana jan harafi ɗaya-ɗaya, tana gumi.

"Paati, ga tawada, dangwala kawai," in ji akawu.

"Shekara saba'in na jira, ɗana. Kai ma jira."

Ya jira, har mutum arba'in.

Ranar da aka kafa famfo, siminti bai bushe ba Pecciyammal ta durƙusa ta rubuta sunanta da yatsa. Malama ta leƙa ta ga harafi ɗaya ya juya baya. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa ƙyale kuskure ba. Wannan kam ta share hawaye ta bar shi, yana nan har yau.